Gwangwanin Madarar Da Ya Sa Aka Cire Ni Daga Layi

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Masu Jan Mota ta garejinmu, da 'yan kwamitinsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ina gaida iyali da abokan aiki. Ni ne Buba na Jekadafari, wanda kuke kira Baffa Buba mai a-kori-kura. Na san ka san ni. Na faɗi sunan ne saboda duk lokacin da na zo ofishinka sai sakatarenka ya tambaye ni ko ni wane ne, kamar ba ni na koya wa ubansa ɗaura ƙarfen ja ba.

Shekaru ke nan da kuka goge sunana daga layi, kuka ce sai an gama bincike. Yaran da aka haifa a daminar da abin ya faru sun shiga makaranta, binciken bai ƙare ba. Na zo da ƙafata, na aiko limamin gareji, na tare ka a wurin jana'iza, kullum amsar ɗaya ce: a yi haƙuri, Baffa, ana kai. To, ni ban yi boko ba, amma ɗiyata Hajara ta yi. Ita ke rubuta abin da nake faɗa, kuma na hana ta sassauta ko kalma ɗaya. Za a liƙa wannan a bangon gareji don kowa ya karanta, wanda bai iya ba a karanta masa.

Na farko, wa ya ce a sa wayar?

Kowa a sana'armu ya san idan kana jan mota da ƙarfe, wadda ke baya matacciya ce. Ka taka birki, danjarka ta kama, amma motar da kake ja ta rufe ta, tata kuma ba wuta. Na bayanku ba ya ganin komai. Haka wani ɗan acaɓa ya afka wa motar da ake ja a gangaren Manawashi ana dab da magariba, ya karya ƙafa. Sai ka tara mu a rumfar masu faci, ka ce daga ranar duk mai jan mota sai ya jawo waya daga motarsa zuwa bayan wadda yake ja, danja da sigina su riƙa kamawa tare. Ka ce wanda ya ƙi, a cire shi daga layi.

Ni na yi maka gardama a ranar, ban ɓoye ba. Na ce tun kafin a yaye ka nake ɗaura jan ƙyalle a bayan mota, ban taɓa kashe ko kaza ba. Ka ce, Baffa, zamani ya canza. Sauran suka ce sun yarda, aka tashi, kowa ya koma kan ƙyallensa. Ni da na yi gardamar, ni kaɗai na je na yi aikin. Halina ke nan: zan yi musu har maƙogwarona ya bushe, amma in jama'a ta yanke magana, ina bi.

Na biyu, ga yadda aka yi aikin, don kada wani ya ƙara cewa ni na ƙirƙiro wani abu a ɓoye.

Iliya mai rewaya na kai wa motar, yana nan da ransa, shagonsa na bayan masu walda. Ya zaro waya daga bayan danjata, ɗaya ta birki, ɗaya ta siginar hagu, ɗaya ta dama, ɗaya ya ɗaure a jikin ƙarfen mota. Ya sa fiyus don kada a ƙona mini wayarin gaba ɗaya, ya sa 'yar na'urar da ake kira rile don kada fitilun su ɗauki nauyin juna. Ya kafa fitila biyu a jikin katako, wanda zan riƙa ratayawa a bayan motar da nake ja, doguwar waya ta bi ƙarfen ja ta zo wajena. Ruwan farko da aka yi, ruwa ya shiga mahaɗar wayoyin. Na taka birki, siginar hagu da ta dama suka kama ƙyaftawa tare, fiyus ya ƙone. Iliya ya ce sai an rufe wurin da akwati, akwatin kuma babu shi a kasuwa a lokacin. Sai ya ɗauko gwangwanin madarar gari da ya ƙare a shagonsa, ya huda murfin, ya zuba rile da fiyus a ciki, ya naɗe da baƙin salatif, ya ɗaure a ƙarƙashin bamba kusa da ƙugiya. Ruwa bai ƙara shiga ba.

Ranka ya daɗe, ka tsuguna da kanka ka leƙa gwangwanin nan. Ka ce aiki ya yi kyau, ka ce sauran su zo su gani su yi koyi. A gaban teburin Sale mai shayi ne, kuma Sale bai mutu ba.

Na uku, ranar da abin ya faru.

An kira ni cewa mota ta mutu wajen Hammadu Kafi. Na je na tarar da wani Malam Modu, mutumin Borno, ya baro garinsu saboda fitinar nan, da matarsa da tsohuwarsa da yara, katifu a kan rufin mota, tukwane a but. Na ɗaura ƙarfe, na rataya katakon fitila, na haɗa waya. Mata da yara suka shigo motata, shi ya zauna a tasa yana riƙe da sitiyari. Muka iso shingen bincike ana kiran la'asar.

Ba sai na tuna maka irin shekarun da muke ciki ba. Mutum ya ajiye leda a kasuwa, sai kasuwa ta watse. Wani jami'i ya sunkuya ya duba ƙarƙashin motata, ya ga gwangwani naɗe da baƙin salatif, wayoyi sun fito daga murfinsa sun bi ƙarfe sun nufi mota mai lambar Borno. Ya yi tsalle baya ya kwarma ihu. Masu tallar rake da ruwan leda suka zubar da kaya suka gudu, direbobin da ke bayanmu suka bar motoci a kunne. Aka kwantar da ni da Malam Modu a kan kwalta mai zafi, fuska a ƙasa. Na ɗaga kai na ce wayar danja ce, a bar ni in taka birki kowa ya gani. Da suka ji maganar takawa, sai bakin bindiga ya ƙara matsowa wuyana. Tsohuwar Malam Modu tana ta salati da yarensu, yara na kuka.

Daga baya masu sanin abin suka zo, suka yanke wayoyin ɗaya bayan ɗaya, suka buɗe gwangwani. Rile da fiyus, sai ƙamshin madara. Babbansu ya ba ni ruwa na sha, ya ce, Baba, ka canza wannan gwangwanin don Allah. Ba na riƙe da waɗannan mutane a raina. Da ni ne a tsaye a wurin, da na riga kowa gudu.

Amma sun tambaye ni wa ya sa ni wannan aiki, na ce ƙungiyarmu. Suka kira ka a waya a gabana, suka buɗe muryar. Da kunnena na ji ka ce ƙungiya ba ta san da wani gwangwani ba. Wannan magana taka ce ta sa aka ci gaba da riƙe mu, har sai da mai unguwarmu ya zo ya tsaya mana. Malam Modu, mutumin da ya gudo daga wuta, ya shiga Gombe a bayan motar jami'ai, matarsa na bin ta da ido. Har yau in mun haɗu a masallacin Juma'a yakan riƙe hannuna ya yi dariya, ni kuwa kunyarsa nake ji, alhali ba ni na yi ƙaryar ba.

Na huɗu, abin da ya biyo baya.

Washegari na zo gareji na tarar an goge sunana. Aka ce na jawo wa ƙungiya ido, sai an bincika. Kafin mako ya zagayo, sunana ya koma Baffa Bam. Yaran unguwa suna toshe kunne in na wuce. Masu kirana kai tsaye suka daina, don wa zai so a ja motarsa da motar Baffa Bam? Tun daga nan itace nake ɗauka, da yashi, da awaki ranar kasuwa, da motar da aka yi wa ƙugiya don jan mota. Abin da ya fi ci mini rai, jami'an da ke shingen sun fi ku karrama ni. In na zo ɗaga mini hannu suke yi.

Yanzu kuma je ka duba layin naku. Kowace mota da wayarta, da katakon fitilarta, kuma Iliyan nan dai shi ya yi musu, da hannun da ya yi mini. Bambancin kawai, tasu mahaɗar tana cikin baƙin akwatin roba da aka fara kawowa daga Kano. Ni ma na sayi akwatin na sa, tunda wanda ya ce in canza ya faɗa da mutunci. To me ya rage? Madarar ce laifin?

'Yan kwamitinka sun sha jawo ni gefe, suna cewa in je in durƙusa in ce a yafe mini, magana ta wuce. Ku ji da kyau, ba zan yi ba. A yafe mini me? Bin dokar da kai ka kafa? In na ba da haƙuri, na yarda ke nan cewa akwai abin da na yi, kuma jikokina za su taso su ji cewa kakansu ya taɓa amsa laifin bam.

Ga abin da nake nema. A mayar da sunana layi, a gurbinsa na da, ba a ƙasan yaran da suka shigo jiya ba. Sannan ka miƙe a taro, a rumfar da ka kafa dokar, ka faɗa da bakinka cewa kai ka ce a sa waya, kuma ka ga gwangwanin ka yaba. Ban ce ka biya ni shekarun da suka wuce ba, ba ka da abin biyansu. In kuwa bincikenku ya gano wani abu a kaina, ku faɗe shi a fili, ku kira jami'ai, ni zan tuƙa kaina in je.

Ina gaggawa ne saboda likita ya ce yanar ido ta fara rufe mini na hagu. Hajara da yayyenta sun fara maganar karɓe makullin mota, ga ta nan tana rubutawa tana sunkuyar da kai. Zan ajiye makulli, kowa yana ajiyewa. Amma ina so in ajiye shi ina ɗan layi, ba korarre ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya zuri'a, ya ba mu zaman lafiya a ƙasar nan, ya ba ka ƙarfin faɗin gaskiya a gaban mutane. Ranar taro mai zuwa zan zo in zauna a bencin gaba. Kada a aiko mini sakatare, kada a ce ana kai. Kai nake so ka amsa mini: an mayar da ni, ko ba a mayar ba, kuma don me.

Wassalam.

Baffa Buba mai a-kori-kura,
Jekadafari, Gombe.