Ƙanƙarar Inna Hajo

Daren Laraba, watan Sha'aban, Yelwa

Ni, Babban Injiniyan Madatsar Kainji, yau na sauko duba firijin Inna Hajo mai kifi. Ya daina sanyi, giwan ruwanta na neman lalacewa. Na bi waya har na gano ɗan bututun da ke auna sanyi ne ya mutu. Na ciro na wani mataccen firiji na sa.

Ta ce, "Kai da ka sa mini kwaɗo a tulu? Sai na ga ƙanƙara."

Da magariba ƙanƙara ta kama. Na juya in yi wa Yaya Bala kuri, shi da ya koya mini aikin. Na manta tun damina ya koma Legas.

Babu wani Babban Injiniya. Ni Ɗanlami ne, mai gyaran firiji, yau ko mai ƙaryata ni babu.