Ƙofar Barikin da Ta Kalli Gabas

Zuwa ga Bature mai rangadin ƙasar Gumel,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da mutanenka da dokinka. Ni ne Tanko magini, wanda ya gina maka bariki a ƙauyenmu da ke kan hanyar Gumel zuwa Maigatari, wato barikin farko, wanda ya rushe. Ban iya rubutu ba. Ina faɗa ne malamin unguwarmu yana rubutawa, kuma na roƙe shi ya karanta takardar nan a kasuwar Maigatari kafin a miƙa wa masinjanka. A gaban jama'a aka zubar mini da mutunci, don haka a gabansu nake so a tsince shi.

Na farko, ranka ya daɗe, ka tuna ranar da ka sauka garinmu da sanyin bara. Ka tsaya a kan jigawa, ka ja layi da sandarka a rairayi, ka ce nan za a yi ƙofa, ta kalli gabas, da tagogi biyu manya a gefenta, don hantsi ya same ka kana shan shayi. Na durƙusa na ce wa tafintanka ya gaya maka cewa a ƙasar nan salla ake fuskantar gabas da ita, ba ƙofar ɗaki ba, domin daga can hadari yake tasowa. Na yi bayani mai tsawo, har da nuna maka ƙofofin garin ɗaya bayan ɗaya. Tafinta ya juya ya faɗa maka kalma biyu kacal, ka yi murmushi ka gyaɗa kai. Har yau ban san abin da bawan Allah nan ya ce na ce ba.

Na biyu, ba ka taɓa ganin daminarmu ba, kuma ba na jin za ka musa. Kullum da kaka ko da sanyi ko da rani kake zuwa, sama fes, sai ka ɗauka haka Allah ya bar mu. Ruwanmu kaɗan ne, gaskiya, wata uku ya gama abin da zai yi ya tafi. Amma ba daga sama yake saukowa a tsaye kamar mai ladabi ba. A kwance yake zuwa, iska na kora shi, duk abin da ya samu a buɗe sai ya shiga ya gaisa.

Duk da haka na gina, tunda umarni ne. Ƙasar gini ba ta samuwa a rairayin nan, daga kududdufi mai nisa jakuna suka yi ta jigilarta. Ni na zaɓi azara da hannuna, na jera tubali, na sa indararo, na shafe bango da makuba. Wallahi ko gidana ban yi wa irin wannan aikin ba. Lokacin da nake fasa tagogin nan, tsofaffi sukan zo su zauna a inuwa suna kallona, wani ya tambaye ni ko raƙumi ne zai riƙa leƙowa ta ciki.

Na uku, abin da ya faru. Hadarin farko ya taso da la'asar, ya shiga ta ƙofa da tagogi kamar an aika masa goron gayyata. Da muka je dubawa, teburinka ya koma kusurwa, bahon wankanka ya cika da kansa, kwaɗi sun riga ka amfani da shi. Na roƙi Bulama, mai garinmu, ya bar ni in toshe tagogin, ya ce shi ba zai taɓa abin da Bature ya zana ba. Ruwa ya yi ta cin gindin bango daga ciki, inda ba a saba tsare shi ba. A ruwa na huɗu soron ya zauna.

Na huɗu, kuma nan ne abin ya yi mini ciwo. Da ka dawo da kaka ka tarar da tulin ƙasa, ka tara mutane ka ce maginin bai iya aiki ba. Wannan karon tafinta bai rage ko kalma ɗaya ba, har da ƙari, da murya mai ƙarfi. Tun daga ranar ko akurkin kaji ba a kira ni na gina ba. Matata ma, da katangar bayan gidanmu ta tsage, sai na ji tana tambayar maƙwabciya ko ta san wani magini.

Na biyar, aka ɗauko Audu daga Gagarawa ya sake ginin, da umarni iri ɗaya. Audu ya ce to, ya jira ƙurar dokinka ta kwanta, ya juya ƙofa kudu, ya yi 'yan tagogi kamar na kowa. Watan jiya ka iso da tsakar rana, ka shiga ka ji sanyi, ka ci abinci, ka yi barcinka, ka fito ka ba shi riga, ka wuce Maigatari kafin la'asar. Ba ka tambayi ina gabas take ba. Ni da na bi maganarka na zama abin dariya, shi da ya saɓa yana yawo da riga mai aiki a wuya.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Audu ya yi abin da ya kamata, kuma ina roƙo kada a taɓa shi ko a karɓe rigarsa, ta ma yi masa kyau. Abin da ya dame ni shi ne masallacin garinmu. Kakana ya gina shi, kuma kowace bazara gidanmu ne ke yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka. Bana Liman da dattawa sun ce ba za su ba da ɗakin Allah ga wanda Bature ya kushe ba, Audu za su kira. Liman ya faɗa mini haka kansa a sunkuye, don ya san gaskiya, amma maganarka ta fi tasa nauyi yanzu.

Buƙatata biyu ce. Ka aiko wa Bulama takarda a karanta a ƙofar masallaci, cewa kai ka zaɓi gabas, magini ya hana, ba a ji ba. Sannan a samo wanda zai karanta ta, ban da tafintan nan. Ba na neman riga. A dai hanzarta, domin shamuwa ta iso, zafi ya kai inda yakan kai, kuma jiya mun ga walƙiya can nesa. Shekara talatin ke nan ban taɓa shiga sahun salla a cikin bangon da wani ya yaɓe ba, kuma ban san yadda zan ɗaga kai in dube shi ba.

Allah ya ba ka lafiya, ya kai ka gida lafiya idan lokacin hutunka ya yi, ya kuma nufe ka da ganin damina ɗaya a garinmu kafin ka sake jan layi a ƙasa.

Wassalam.

Naka mai biyayya, har fiye da yadda ya kamata,
Tanko magini