Sandar da Na Kafa a Gaban Buba

Zuwa ga Malam Ilu, babban dattijon tsofaffin gidajen garinmu na ƙasar Gwaram, kuma surukina, da sauran dattawan da ke zama a zaurensa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan Malam ya tashi lafiya, da iyali, da dabbobi, da amfanin gona. Ni ne Garba na Ƙofar Kudu, ɗan marigayi Jibo. Na roƙi Liman a karanta wannan takarda a ƙofar masallaci bayan an sauko Juma'a, domin na zo zaurenka an ce kana barci, na koma an ce ka fita, alhali ga takalmanka a bakin ƙofa. Tunda a bainar jama'a aka yanke mini hukunci, a bainar jama'a zan yi magana.

Ga wanda bai san zancen ba. Idan dawa ta nuna, maharan duwatsu sukan sauko. Abin da ke tsakaninmu da su, bayan Allah, ganuwa ce da mutum ɗaya da ke zaune a kanta da ganga. In ya hango su ya buga, na gona su watsar da komai su sheƙo kafin a rufe ƙofa. Bana mai gari ya ce a sake zaɓen mai ganga. Baƙin da suka zauna da mu, Filanin gida da waɗanda suka taso daga Fagam, suka kawo Buba. Ku kuka ce Ɗanjuma, wanda gangar ke hannunsa, zai ci gaba, don gadon gidansu ne tun kakansa. Ranar zaɓe, kamar yadda muka gada, kowane mai gida ya kafa sandarsa a gaban wanda yake so. Ni na kafa tawa a gaban Buba.

Na farko. Ni naku ne, kuma kun sani. Kakana da kansa ya ɗauki ƙasar da aka gina ganuwar nan da ita. Lokacin da baƙi suka nemi a sake raba fadama, wa ya fi ni ɗaga murya? Da suka ce a fasa sabuwar ƙofa ta yamma, ni na tsaya a gaban mai gari na ce sai dai a fasa ta kaina. Har gobe ra'ayina ke nan: abin da iyaye suka bari a bar shi. Yau ni ake kira munafuki a bakin rijiya, ni ake cewa baƙi sun saye. Haba, Malam! Da me suka saye ni?

Na biyu, zancen goro. An ce na ci goron taro, kuma wanda ya ci goron taro sandarsa ba tasa ba ce. Na ci, ban musa ba. Amma a faɗi yadda aka yi. Bayan la'asar ka tara mu a zaure, aka zagaya da ƙwarya, kowa ya ɗauka ya ɓara ya tauna a kan za mu tsare hanyar iyaye. Sai da goro ya wuce maƙogwaro sannan ka ambaci suna. A zamanin mahaifinka suna ake fara faɗa, mai ja ya ja, sannan a kawo ƙwarya. Nan take na ce idon Ɗanjuma ya yi yana. Ka ce ba a tona asirin gida, ka ce in muka rabu a kan ganga, gobe baƙi za su raba mu a kan fadama. A hanyar gida akwai waɗanda suka ja rigata suka ce wallahi gaskiyata ce. Ranar zaɓe duk suka kafa a gaban Ɗanjuma. Ba zan kama suna ba. Suna zaune a nan, ku duba waɗanda suka sunkuyar da kai.

Na uku. Ba na son faɗar wannan, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kakar bara waccan aka kama ɗana Sule a gonarmu ta ƙetaren rafi. Ganga ba ta yi ƙara ba sai da maharan suka riga suka shiga cikin dawa. Ni ina bakin ƙofa da dami a ka, na ji ganga da ihu lokaci ɗaya. Ɗanjuma mutumin kirki ne, abokin wasana ne tun muna yara. Shi da bakinsa, yana kuka, ya gaya mini ya ga abu na motsi ya zaci shanu ne. Ban kai ƙararsa ba, ban faɗa wa kowa ba, na ce ƙaddara ce. Amma ku da kanku kun san yanzu a kasuwa da murya yake gane mutane. Tsufa ba laifi ba ne. Laifin na wanda ya san haka ya sake ɗora shi a kan ganuwa ne.

Na bi fatake har kasuwar Birnin Kudu ina tambaya ko an ga Sule. Har yau ban san ko yana raye ba. Matarsa Hansatu, 'yarka ta cikinka, ta ƙi barin ɗakinta, tana rainon ɗan da ta haifa masa bayan an tafi da shi. Da wannan a ƙirjina kuke so in ɗauki sanda in kafa a gaban Ɗanjuma? Hannuna ya ƙi, kuma ban tilasta shi ba.

Na huɗu. Kun ci zaɓe. Sandunan Ɗanjuma sun fi yawa, na karɓa, ban tayar da fitina ba. To me ya kawo hana mini gayya? Ka aika gida-gida cewa duk wanda ya amsa kirana ya fita daga cikin jama'a. Na kira gayyar girbi, uwargidana ta tuƙa tuwo ta dama fura, muka zauna muna kallon hanya har rana ta take tsaka. Ko kare bai leƙo ba. Ni da ban taɓa jin an kira gayya na zauna ba, har ta gonarka, inda na yi noma da zazzaɓi a jikina. Mutanen Buba sun zo sun ce za su girbe mini. Na gode musu na ce a'a, don kada a ce ladan sandata ne. Na ƙi taimakon baƙi saboda ku, ku kuma kun juya mini baya. Kowa ya kai dawarsa rumbu, tawa tana tsaye tsuntsu na ci, kuma ita ce mafi nisa da ƙofa.

Na san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na san haɗin kanmu ne ya hana a tattake mu. Amma ina tambaya: in sandar mai gida ba tasa ba ce, don me iyayenmu suka ce kowa ya zo da tasa? Ai da sai a ba Malam ɗaya ya kafa, mu zauna a gida. Ban bar ku ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. A janye maganar hana gayya kafin Asabar. Kada a karɓe ganga daga hannun Ɗanjuma, gadonsa ne, ya riƙe abinsa. Amma a zaunar da mai lafiyar ido kusa da shi, in ba ku son Buba ku zaɓo daga cikin gidajenmu. Sannan nan gaba a faɗi suna kafin a kawo goro.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana. Allah ya tsare garin nan da na cikinsa, tsofaffin gidaje da baƙi. Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon bin ta, ko da ɗaci.

In Asabar ta yi ba a janye ba, ba zan bar abincin shekara ya lalace ba. Zan ƙetare rafi da asuba, ni da uwargidana. Na hana Hansatu, ta rantse sai ta bi mu, ta ce dawar mijinta ce, kuma da jikanka a baya za ta je. Don Allah, Malam, idan hantsi ya yi ka hau ganuwa ka tsaya kusa da wanda ka zaɓa, ka nuna masa ƙetaren rafi, ka tambaye shi ko yana ganin 'yarka.

Wassalam.

Garba ɗan Jibo, na Ƙofar Kudu.