Zanen da Na Ce wa Goggo Na Binne

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, tare da masu karatu. Na yi sallama don haka aka koya mini, amma in kun kai ƙarshe wataƙila wasunku su yi da-na-sanin amsawa. Don darajar iyayenku a sakaya sunana, kuma ku bari in kai aya kafin ku yanke mini hukunci. Zagi kam na riga ku, kullum da shi nake karyawa.

Ni malamin firamare ne a Bodinga, amma asalina wani ƙauye ne kusa da Lambara, a ƙasar Shagari. Mahaifiyata ta rasu ina goye, ƙanwar babana ce ta raine ni, ita nake kira Goggo. Ga abin da ban taɓa furta wa mahaluki ba: tun ina kwalejin horon malamai imani ya fita daga zuciyata. Ba rana ɗaya ba, a hankali ya tsiyaye kamar ruwa a tsagaggen tulu, tsakanin karance-karance da gardama da abokai masu ra'ayin gurguzu. Ina shiga sahu, ina azumi don idon mutane, amma cikina fayau. Zancen aljanu da iskoki kuwa dariya yake ba ni, har ina jin kaina wani gwani a cikin makafi. Kun ga girman kai ko? Shi ya kai ni ya baro.

Goggo 'yar bori ce a da. Iskar da ke hawanta ita ce Inna, wadda ake cewa tana shanye hannu ko ƙafar duk wanda ya saɓa mata. Ina yaro na sha ganin Goggo ta lulluɓa da wani baƙin zane saƙi, 'yar ƙwaryar nono a hannu, ta lanƙwashe hannun hagu tana jan ƙafa, muryarta ta zama ta wata. Shekarar da aka koma mulkin farar hula wa'azi ya ratsa ta, ta je gaban liman ta tuba. Da na zo hutu ta ja ni ɗaka, ta miƙo mini zanen da ƙwaryar a ƙunshi.

"Kai ka yi boko, ba ka tsoron komi," in ji ta. "Ɗauki wanga ka tahi da shi nesa, ka gina rami ka bizne. Kak ka ƙone shi, kuma kak ka kai shi gindin tsamiya."

Na ce to. Da na isa Bodinga na kwance ƙunshin, na ga saƙar hannu ce irin ta da, wadda yanzu ko da kuɗinka ba ka samu. Na ce haba, wannan ai kayan tarihi ne, a kan me zan ba gara? Na ninke zanen, na haɗa da ƙwaryar na jefa ƙasan akwatina na ƙarfe. Da na koma gida na ce mata na binne a bakin wani tsohon kwalbati a hanyar Dandin Mahe. Ta dafa kaina ta yi ta sa mini albarka har na ji kunya. Daga nan Goggo ta sami barci, ta yi ƙiba, ta shiga koyon karatun salla wurin matar liman, carbi ba ya barin hannunta. Na riƙa ce wa kaina, ka gani, ƙaryar ma magani ce.

To kun san halin da ake ciki bana. Albashi sai mu yi wata da watanni ba mu ji ƙamshinsa ba, sabulu da madara sai an bi layi, ga damina ta yi gardama, gero ya tsaya iya gwiwa. Duk da haka samarin ƙauyenmu suka ce sai sun yi kalankuwar kaka, ko ba komai a manta da baƙin ciki na yini guda. Wannan zai yi shigar gwamna, wancan ta ɗan sanda, wani ta likita. Dattawa suna ta gunaguni wai asalin abin na maguzawa ne. Ni kuwa na ce a raina, in asalinsa ke nan, bari in nuna musu asalin da kyau. Wanda bai yarda da iska ba ai shi ya fi kowa 'yancin ɗaura zanenta, tunda a wurinsa tsumma ne. Me zai ci ni? Kuma na tabbata Goggo ba za ta je ba, don tun da ta tuba ko kiɗan biki ba ta tsayawa ji. Abin da na manta shi ne na daɗe ban aika mata ko sisi ba, kuma babu ta sa ta fara fita tallar ƙuli-ƙuli duk inda jama'a suka taru.

Ban gaya wa kowa ba. Bayan la'asar na shige bayan tarin kara, na shafe hannuwa da ƙafafu da gawayi, na lulluɓa tun daga ka har gwiwa, na ɗauki ƙwaryar. Na lanƙwashe hannun hagu, na fito ina jan ƙafa. Yara suka watse, samari suka bushe da dariya, makaɗi ya sauya kiɗa. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji, irin wanda na daɗe ban ji ba. Na nufi wajen mata masu talla ina miƙa musu ƙwarya suna gudu suna shewa. Ɗaya ce kawai ba ta motsa ba. Ta cikin ƙofofin saƙar na hango fuskarta, Goggo ce. Ba ni take kallo ba, bakin zanen take kallo, inda ta taɓa yi masa faci da jan zare da hannunta. Ta ajiye farantinta a hankali, ta durƙusa.

"Inna, kin taso?" ta ce, murya can ƙasa. "Ashe ba a rabuwa?"

Jama'a, me ya fi sauƙi a nan? In yaye zanen in ce Goggo ni ne, ta zage ni, ta yi fushin wata guda, shi ke nan. Hannuna na dama ma ya kama bakin zanen. Amma sai na gyaɗa kai. Sau biyu, a hankali, kamar yadda take yi in abin ya hau ta. Ban shirya ba, ban yi niyya ba, kuma har yau ina tambayar kaina, wa ya gyaɗa kan nan? Wasa ne ya ɗebe ni? Tsoron tonon asiri ne? Goggo ta kife ta gefen hagu, ƙuli-ƙuli ya watse a ƙasa. Da mutane suka yi kanta, ni sai na yi cikin kara. Na tuɓe, na cusa kayan a jaka, na wanke gawayin a tafki, na dawo da gudu ina tambaya lafiya, me ya faru, kamar wanda yanzu ya ji labari.

A asibiti aka ce hawan jini ne ya shanye mata ɓarin jiki. Na san haka ne, in kun ba ni alli zan zana muku jijiyar a allo. Amma ku zo ku ga hannun. Ya lanƙwashe daidai yadda na lanƙwashe nawa, har yatsun. Mai gari ya tara samari, kowa ya rantse ba shi ba ne, kuma gaskiyarsu. Ina tsaye a wurin, har da ni a masu cewa a tsananta bincike. Ɗanta, wanda zan kira Altine, manomin albasa ne, tare muka tashi a tabarma ɗaya. Ya dube ni ido jawur ya ce, "Malam, in mutum na, wallahi sai na karya mai ƙahwa. In kau ba mutum ba na, Allah shi isam muna." Na ce amin.

Ciwon jikin ba shi ya fi damuna ba. Tun da aka dawo da ita gida Goggo ta ajiye carbi. In aka kawo mata ruwan alwala sai ta juya fuska bango, wai wadda ba a karɓi tubanta ba da wace fuska za ta tsaya. Tuwo sai an yi da gaske take haɗiyar loma biyu. Matar da ta goya ni tana narkewa a kan gado, ni kuma ina zaune gefenta ina yi mata fifita. Zuwana na ƙarshe ta kamo rigata da hannun mai lafiya, bakinta a karkace.

"Ɗana, ka tabbata ka bizne shi?"

"Na binne, Goggo."

"To in Altine ya ƙare dashe, ku tai ku tone. In zanen na nan cikin rami, idona na yay yi min ƙarya, tubana na nan, sai in tashi in ci tuwo. In babu shi, ku bar wahal da kanku. Inna ta zaka ɗaukata."

Altine ya kusa gama dashen. Na yi ta kawo uzuri, yau jarrabawa, gobe babu kuɗin mota, uzurin ya ƙare. Hanya biyu nake gani, kowacce da ƙaya. In riga su zuwa kwalbatin, in cuɗa zanen da laka, in yayyaga shi kamar gara ta taɓa, in binne, mu zo mu tone tare. Wataƙila ta tashi, ta koma sallarta da ni ban yarda da ita ba amma ita ce ke riƙe da ranta. Sai dai ƙarya ta uku ke nan a kan biyu, kuma na ga abin da ta farko ta haifa. Ko kuma in durƙusa in ce Goggo, ban binne ba, ni ne a cikin zanen. Dukan Altine ba ya ba ni tsoro, na ma fi son ya dake ni. Tambayarta nake tsoro. Za ta ce, ba ka ji tsoron Allah ba? Za ta ce, da na tambaye ka, don me ka gyaɗa kai? Ta farko amsarta za ta iya ƙarasa ta, ta biyu kuwa ni kaina ba ni da ita.

Jiya da aka tashi daga makaranta na yanke shawarar bin hanya ta farko. Na ari fartanya, na jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, rana tsaka, yara na wasa a waje. Na sa hannu a kan murfin, na kasa ɗagawa. Ɗakin warin tsamin nono yake yi, alhali rabona da sayen nono tun kafin kalankuwa. Na ce hancina ne. Hannun haguna ya yi nauyi, na ce kwanciya na yi a kansa. Ina da bayanin komai, amma har aka kira magariba ina zaune ina kallon akwatin, ni da na ce tsumma ne.

Malamai da ke karanta wannan fili, na san za ku ce in tuba, kuma ban raina ba, amma ku fara gaya mini yadda zan yi da tsohuwar nan da ke jiran a tone rami kafin ta ci abinci. Ku kuma 'yan'uwana masu irin ra'ayina, na san kuna nan kuna shiga sahu kamar ni, ku da kuka ce wasa wasa ne, ku zo ku buɗe mini akwatin nan. Altine ya aiko cewa kwanan nan zai zo da galma mu je mu tone, in shirya.

In binne, ko in faɗa? Me zan yi?