Kwamfuta Ta Mai Da Ni Ta Ƙarshe

Gumel,
14 ga Yuli, 1998.

Zuwa ga Goggo Kande,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya a Fatakwal, ke da Baba Cindo da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon ƙafar nan. Mu nan lafiya lau. Ruwa ya sauka, Baba ya gama shuka a gonar Gagarawa.

Goggo, abin da zan faɗa miki na kasa faɗarsa a gida. Kin san Yaya Zayyad yana karatun zama malami. Bana an kawo musu kwamfuta biyu da sabon malami, Malam Hezekiah, wanda ba ya rubuta darasi a allo. Yakan raba su rukuni-rukuni, ya ba su aiki na gaske, ya ce su yi ta fama da injin har su gano hanya da kansu. Rukunin Yaya aka ba sakamakon jarrabawarmu ta aji uku, su shigar su buga. Malamin ajinmu ya rubuta shi a jere, daga ta ɗaya zuwa ta arba'in da biyu, ni ce ta biyu. Da suka shigar, sai suka ga zai fi kyau sunaye su bi haruffa. Injin ya jera sunayen, amma makin ya tsaya inda yake, ba kuma wanda ya duba. Asama'u, wadda ba ta ko gama lissafi ba, ta zama ta ɗaya. Ni Zuwaira na koma ƙasan takarda.

Haka aka manna ta a ƙofar ofis. 'Yan ajinmu suka riƙa tafa mini, suna cewa dama shiru-shirun nawa ba na ilimi ba ne, inji ya tona asirina. Goma na farko ake turawa jarrabawar makarantar kimiyya, an riga an aika da sunaye. Malamin ajinmu an yi masa canjin wurin aiki zuwa garin Maigatari. Na daure na je wurin shugabar makaranta, ta ce ni wace ce da zan ƙaryata kwamfuta, ta sa na durƙusa a rana.

Yaya ya sani. Shi ya bayyana mini yadda aka yi, sannan ya ce in na buɗe baki rukuninsu duka za su faɗi, kuma mace ko ta ci ko ta faɗi ɗaya ne. Takardar da malamin ajinmu ya rubuta da hannu tana cikin akwatinsa, na gan ta. Duk da haka na tare Malam Hezekiah a hanya, na faɗa masa. Ya saurare ni, har da murmushi, ya ce wannan matsala ce mai kyau, zai ba 'yan aji na gaba su warware bayan hutu. Jarrabawar kuwa ranar takwas ga Agusta ce.

Baba ya ga bugaggiyar takardar, ya ce ba zan koma makaranta ba, zan tafi Gagarawa in taya kakarmu Iya aiki. Bai doke ni ba, ya dai daina kiran sunana. Jiya gidan su Asama'u suka aiko da waina ta murna. Yaya ya cinye, ya ce ta yi daɗi.

Goggo, ke kaɗai Baba ke jin maganarki. Don Allah ki rubuto masa da wuri, ki ce ya sa a buɗe akwatin nan a gabansa. Na san Yaya ba zai yafe mini ba. Na kwana huɗu ina tunanin haka kafin na ɗauki biro, kuma na ɗauka.

Ki gaida Baba Cindo, da Hamma, da Haladu ƙarami. Inna ba ta san na rubuto ba, amma na san da ta ce a gaishe ki.

'Yarki,
Zuwaira