Ranakuna a Bayan Kalandar Awakin Baba

Anti, don Allah ki taimake ni, ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana. Shekarata goma sha huɗu. Mama ta rasu shekara uku da suka wuce, gidanmu daga Baba sai yayyena maza biyu. Baba kiwon awaki yake yi. A bayan ƙofar ɗakin dusa akwai kalandar da yake zagaye ranar da kowace akuya ta nemi bunsuru da jan biro. Ya ce mai lafiya duk sati uku take dawowa.

Wata takwas ke nan da na fara al'ada. A banɗakin makaranta ta same ni, mai shara ce ta ba ni audugar mata, ban ko san sunanta ba. Da yake ban san yadda ake lissafi ba, sai na riƙa ɗiga ranakuna da fensir a bayan kalandar nan. Anti, ba sa daidaita. Kwana ashirin da huɗu, sai arba'in, akwai lokacin da na yi wata biyu shiru.

Satin jiya Baba ya sayar da Kunnuwa, akuyar da na fi so. Ya ce ranakunta sun rikice, juya ce, cin dusa kawai take yi. Yayyena suna ta dariya wai ta yi ritaya. Ni kuwa tsayawa na yi a bakin turkenta. Ashe ni ma juya ce? Yanzu in an zuba abinci ɗakina nake kai nawa. Gwaggona tana zuwa ƙarshen wata, amma kunya nake ji.

'Yar Mai Awaki

'Yata, sannu, Allah ya jiƙan Mama. Mutane da yawa, har manya, suna ɗauka neman bunsurun akuya da al'adar mace abu ɗaya ne. Ba haka ba ne.

Abin da Babanki yake zagayewa lokacin da ƙwan akuya ya nuna ne. Abin da kike ɗigawa kuwa lokacin da mahaifarki take zubar da shimfiɗar da ta yi wa cikin da bai zo ba ne. Akuya ba ta al'ada, jikinta ne yake shanye tata shimfiɗar. Haka saniya, haka tunkiya. Cikin dabbobi masu shayarwa, masu yin al'ada kaɗan ne: mu, da birai da dama, da wasu jemagu, da 'yan ƙalilan. Kin auna kanki da mudun da ba naki ba.

A shekara biyu zuwa uku na farko, jikin yarinya koyo yake yi, ba kowane wata yake sakin ƙwai ba. Tazarar kwana ashirin da ɗaya zuwa arba'in da biyar daidai ce a shekarunki, tsallake wata ma yana faruwa. Wannan ba alamar rashin haihuwa ba ce. Amma in kin kai wata uku shiru, ko jinin ya wuce kwana bakwai, ko kina jiƙa auduga duk awa, ko ciwon mara ya hana ki makaranta, to, sai ganin likita.

Babanki kuma kada ki riƙe shi a rai. Maganar kiwo ya yi, bai san abin da ke bayan kalandarsa ba. Ina jin ya lura kujerarki babu kowa lokacin cin abinci, ya rasa ta inda zai fara. Kunyarki ma ba laifi ba ce, sai dai ta bar ki ke kaɗai da tsoron da bai da tushe.

Ga abin da za ki gwada. Samu ƙaramin littafi naki na kanki, ki kwafe ɗigon fensir ɗin nan a ciki, ki riƙa ƙirgawa daga ranar farkon jini zuwa ranar farkon na gaba. In Gwaggo ta zo, ba sai kin yi dogon bayani ba, miƙa mata littafin kawai. Ita ma ta taɓa zama 'yar sha huɗu. Yau kuma ki fito da kwanonki tsakar gida. Allah ya ba ki lafiya, ya raya mana ke.

Antinki