Man da matata ba ta gani a cikin ƙuli-ƙuli

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni magidanci ne a Barkin Sale, gyaran keke napep nake yi, da yamma kuma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci.

Wata huɗu ke nan da aka cire mini matsarmama saboda tsakuwa. Likita ya yi mini bayani da abin da na sani, ya ce ruwan matsarmama kamar omo yake a hannun da ya sha giris, shi ke tsinka mai har hanji ya iya tsotsewa ya aika cikin jini. Hanta tana nan tana yin ruwan, amma jakar ajiyarsa babu, sai ya riƙa ɗiga kaɗan kaɗan. In mai ya yi yawa lokaci guda, wucewa zai yi. Ya ce in rage, bai ce in daina ba.

Matata 'yar Bida ce, sana'arta ƙuli-ƙuli, kuma tana kula da ni. Ta daina zuba manja, sai ta koma miyar gyaɗa da agushi, ga ƙuli-ƙuli a kan komai, wai kada a ce ta bar ni na rame. Ni kuwa da na ci sai bayan gida. Wata ranar Talata sau uku na fita daga aji, ga jarrabawa saura sati uku, malaminmu ya ce in na ci gaba da rasa darasi sai dai in maimaita shekara. Na gaya wa matata a hankali cewa har ƙuli-ƙulin ma akwai mai a ciki, ta ce da hannunta take matse man, ni da na fara karatu jiya ne zan koya mata gyaɗa.

Sai na yaga takarda daga littafina, na murƙushe ƙuli-ƙuli ɗaya a kai, na ɗaga wa rana. Wurin ya jiƙe da mai har haske yana ratsawa. Kuskurena shi ne ƙanwarta tana zaune, ta kuwa yi dariya. Matata ta daɗe tana kallon takardar, ta ce, "To Baban Aisha, na gani."

Tun ranar kwana tara ke nan, miyata daban ake yi, ruwa da gishiri da kuɓewa, ko ɗigon mai babu. Gudawar ta tsaya, amma rabon da in ƙoshi na manta, a aji yunwa ke hana ni gane abin da ke kan allo. Na ce ta sa cokali ɗaya kawai, ta ce tana tsoron takarda.

Na gaji wallahi. Gaskiya na faɗa, amma na kunyata ta a kan sana'arta. In ba ta haƙuri, ko in tafi da ita wurin likitan ta ji daga bakinsa? Ta yaya zan roƙi cokali ɗayan nan?